Ciwon Magen Mama

A gidanmu akwai cutar da kuka raɗa wa suna da kanku, ba tare da an yanka rago ba. Kuna ce mata ciwon magen Mama. Nasiru ne ya fara faɗa, ƙannensa suka ɗauka, yanzu har jikokina da ba su taɓa ganin magen ba sun iya. Na rubuta wannan babi ne don in karɓe sunan nan daga bakinku, domin mahaifiyarku ta ɗauki laifin da ni na ɗora mata, ta tafi da shi kabari, ni kuwa ina nan zaune ina shan shayi. Ku yi haƙuri da rubutuna. Hannun da ya shekara hamsin yana riƙe da wuƙar fawa bai san yadda ake lallaɓa biro ba, ya riga ya huda takardar nan sau uku.

Ku fara da sanin irin mutumin da nake a wancan lokaci. Mahauci ne ni, ɗan mahauci, jikan mahaucin da ya sauko garin Lafiya daga Kano da wuƙaƙensa a jakar fata. Na feɗe dabbobin da Allah kaɗai ya san yawansu. In na dubi hantar rago ina iya gaya muku a fadama ya yi kiwo ko a tudu, in na latsa huhun sa na san ko ya yi tari kafin a kawo shi. Don haka na sakankance babu abin da zai ɓuya a cikin nama idona bai gan shi ba. Ga ni da tambaya kuma, ban iya wuce abu ba sai na san yadda aka yi ya zama haka. Mamanku takan ce Allah ne ya ji tausayin malaman boko da bai kai ni hannunsu ba. Ita kuwa Maman taku, Ladi, 'yar Alago ce daga Doma, ta zo gidana da akwati ɗaya, da turmi, da 'yar mage a cikin kwando. A gidan mahaifinta rumbun riɗi da na agushi ba sa zama babu mage, ta tashi tana kwana da su a ƙafafunta. Tun daga ranar gidanmu bai rabu da mage ba, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, duk zuri'ar ta cikin kwandon nan. Ta ƙarshensu ita ce fara mai baƙin kunne da kuke kira Hajiya, saboda ba ta kwanciya sai a kan kujerar baƙi.

Shekarar da nake so in ba ku labari ita ce wadda Hindatu, autarmu, ta cika sha shida. Da damina abin ya fara. Muna cin abincin rana a tsakar gida sai na ga yarinya tana kaɗa hannu a gaban fuskarta tana korar ƙuda, alhali babu ƙuda ko ɗaya a wurin. Kwana biyu tana haka. Rana ta uku Mamanta ta miƙa mata allura ta sa mata zare, aikin da ta saba yi tana hira. Ta juya allura, ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan, sai ta ajiye a kan cinyarta.

"Baba, in na rufe na dama ba na ganin tsakiyar abu. Ina ganin gefen fuskarka, amma hancinka babu."

"Hancin nawa da ake hangowa tun daga bakin kasuwa?" na ce da ita, ina dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Mun ɓata mako guda da tozali da maganin ɗigawa na kemis, sannan na ɗauke ta a babur muka tafi wurin masu duba ido. Likitar mace ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta ɗiga wa Hindatu wani ruwa da ya buɗe baƙin idonta, ta leƙa ciki da fitila ta daɗe tana leƙawa. Da ta gama sai ta ce yarinyar ta je ta zauna a inuwa a waje, don ruwan yana sa haske ya dami mutum. Ni kaɗai na rage. Ta juya katin asibiti ta zana mini ƙwallon ido a bayansa, ta ɗiga baƙi a can ƙurya.

"Baba, akwai tsohon tabo a bayan idon, daidai inda hoto ke sauka. A bakin tabon ne sabon wuri ya kama. Wata 'yar ƙwayar cuta ce, ana ce mata toksoplasma. Ba yau ta shiga ba. Yadda tabon nan yake, ina zaton tun yarinyar tana ciki ta same ta daga mahaifiyarta."

"Shekara sha shida? To ina take duk wannan lokaci?"

"Tana nan, a kwance. Maganin da zan ba ta zai kashe waɗanda suka tashi. Na kwancen ba ya taɓa su."

Na tambaye ta ita uwar daga ina ta samo. Sai ta ɗaga yatsu biyu, har yanzu ina ganinsu. Ta ce hanya biyu aka fi sani: ko daga kashin mage in ya gurɓata ƙasa ko ruwa ko ganyen miya, ko kuma daga naman da bai dahu ba, musamman na rago da na akuya. Ta ce babu wanda zai iya rantse mini wacce ce. Sannan ta tambaye ni sana'ar da nake yi. Ni da ban taɓa jin kunyar wuƙata ba, ni da nake faɗa da duk wanda ya raina mahauta, sai na ji bakina ya ce, "Ɗan kasuwa ne ni."

Yanzu sai in gaya muku abin da ya sa na faɗi haka. A gidanmu na fawa akwai al'adar da muka gada. In mace mai ciki ta yi fari fat, jiri yana ɗibarta, sai a yanko mata hanta da zuciyar rago da ɗuminsu, a barbaɗa gishiri da yaji, ta haɗiye ɗanye, a ce jini ne ke komawa jini. Mahaifiyata ta haɗiya, kakata ta haɗiya. Mamanku ta yi ciki biyar ba ta buƙaci wannan ba, kuma da an kawo mata ma da ba ta ci ba, don a Doma ba su san irin wannan ba, ƙyamarsa take yi. A cikin Hindatu ne jiki ya ƙi mata, har ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Na tsorata ƙwarai. Wata biyu cur, kullum safiya da an gama yanka, nakan bar teburina in rugo gida da ƙunshi a hannu. Ta toshe hanci, ta haɗiye, ta bi da kunu, ta harare ni. Ta kuwa miƙe. Tana shan jan ƙwayar da aka ba ta a awo a lokacin, amma ni na karɓe yabon duka, ita ma ta bar mini. Shekara da shekaru in ana hira takan ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Hanta na Maigida ne ya tashe ni." A duk zaman aurenmu babu abin da nake alfahari da shi kamar wannan wata biyun.

Saboda haka yatsu biyu na fito da su daga asibiti, amma kafin babur ya kai ƙofar gida na lanƙwashe ɗaya. Ban ce na tabbata hantar ce ba a ranar. Tsoro kawai na ji: tsoron a ce mahauci ya makantar da 'yarsa da nama, magana ta zaga kasuwa, da kuma tsoron idon Mamanku. Muka shiga, duk kuna tsakar gida, har da Nasiru da amaryarsa Rabi, da ba su daɗe da tarewa a ɗakin ƙofa ba.

"Maigida, me likita ya ce?" in ji Mamanku.

"Ta ce tun a ciki aka ɗauka. Wai daga kashin mage ne."

"Dama na sha faɗa," in ji Nasiru. "Magen da ke bin kwanuka tana hawa gadon mutane, me ake jira?"

Kowa ya sa baki. Washegari da safe Mamanku da hannunta ta sa Hajiya a buhun shinkafa, ta huhhuda buhun da wuƙa don ta sha iska, ta ɗaure ta miƙo mini. Ta ce in kai ta inda akwai mutane, kada in yar da ita a daji. Na kama hanyar Arikya, rana ta yi zafi, magen tana ta kuka a bayana, sai na tsaya a bakin wata gonar doya inda ko rufin ɗaki ɗaya ba a hangowa, na kwance buhu na juyo. Na dawo na ce na ba wasu Fulani a ruga. Da la'asar ina tsugune ina alwala sai na ga Mamanku ta je ta durƙusa a gaban Hindatu, mace mai furfura a gaban 'yar cikinta.

"Auta, ka yafe mini. Ni ne na ba ka wannan ciwo."

Hindatu ta fashe da kuka ta rungume ta. Ni kuwa na ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da na riga na wanke har buta ta ƙare.

An sha magani makonni. Ƙudajen suka ragu, wurin ya lafa, amma tsakiyar idon hagu bai dawo ba, kuma bai dawo ba har yau. Da na bar maganar a nan da na zauna lafiya da ƙaryata. Halina ne ya hana ni. Abu ya kwanta a cikin ido shekara sha shida, bai ci ba, bai sha ba, bai mutu ba? Tambayar nan ta bi ni har kan sallaya. A kwata, inda muke yanka, akwai wani likitan dabbobi mai duba nama, mutumin Eggon, dogo, mai takalmin roba har gwiwa. Mu mahauta muna ce masa Dakta Kwandem, don in ya ɗaga hanta ya ga abin da bai yi masa ba, kalmar nan guda ta Turanci yake furtawa, wato nama bai ciyuwa, sai a kai shi rami. Mun shekara goma muna faɗa da shi, ban taɓa ba shi ko ruwa ba. Ran nan da aka gama yanka na sayo masa shayi da burodi, na miƙa masa katin da likita ta rubuta sunan cutar.

"Alhaji, yau kai ne da shayi? Wane nama kake so in rufe ido a kai?"

"Ba nama ba ne. Gaya mini yadda wannan abu yake kwanciya."

Ya goge hannu a riga, ya ciro waya, ya nemo wani hoto ya nuna mini. Abu ne kewayayye mai kauri a baki, cike da wasu ƙanana masu kama da yankakken farce. Ya ce rayuwa biyu ce da ƙwayar. In ta shiga jiki sabuwa, sauri take yi: ta kutsa cikin ƙwayar nama guda, ta hayayyafa har wurin ya fashe, su watsu kowacce ta nemi sabon ɗaki. Sai jiki ya farga ya tada sojojinsa na cikin jini. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ashe sojojin ba kisa kaɗai suke yi ba, yunwa suke sakawa. Sukan sa ɗakin da baƙuwar ta shiga ya ɓoye abincin da take buƙata, ya kuma zuba mata abin da ke ƙona ta. Da yawa su mutu. Amma waɗanda suka riga suka kai ƙwaƙwalwa, ko zuciya, ko tsoka, ko bayan ido, da sun ji matsi ya yi matsi sai su sake hali. Su daina gaggawa. Su kauraro bangon ɗakin da suke ciki ya zama ƙwanso. Su tara sitaci a cikin jikinsu, guzurin zama. Su sauya har rigar da ke jikinsu, yadda sojan da ya san tsohuwar fuskarsu zai zo ya wuce.

"Gaiwa ke nan!" na ce, har na zubar da shayi.

Lokacin da nake neman Mamanku, yayyenta sun taɓa kai ni wata busasshiyar fadama a bayan Doma da rani. Suka sa fartanya suka haƙo curin laka mai tauri, suka fasa, sai ga kifi a naɗe cikin busasshen yauƙinsa, da ransa, yana jiran damina. Na ba Dakta labarin.

"Kusan haka ne, Alhaji. Amma gaiwa ruwa yake jira. Wannan baki yake jira."

"Bakin wa?"

"Bakin wanda zai ci naman. Mage yake so, don a hanjin mage ne kawai yake aure ya yi ƙwai. Ɓera ya ɗauka, mage ya ci ɓera, shi ke nan ya isa gida. Amma rago ma in ya ci ciyawa da kashin ya taɓa, zai kwanta a zuciyar rago. Kowa ya ci ɗanye, zai shiga. Ni da kai sef, wataƙila muna ɗauke da shi a nan," ya nuna kansa, "kuma za mu mutu ba mu sani ba."

Ya ce kuma ba barci ba ne na gaske, tana ci kaɗan kaɗan, tana motsi a hankali. Jefi jefi ƙwanso ɗaya yakan fashe, su fito su koma masu sauri. In sojoji na da ƙarfi sai su gama da su mutum bai ji komai ba. Amma ido wuri ne ƙarami, ɗan faɗan da za a yi a can ya isa ya ƙona abin da ba ya tsirowa.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: daɗi na ji. Na manta da 'yata, na manta da Mamanku, na zauna baki buɗe ina mamakin ikon Allah a kan abin da bai kai ƙurar gari ba, ga shi da dabarar da wani sarkin yaƙin bai da ita. Kullum na dawo da sabuwar tambaya, har mahauta suka fara cewa Kwandem ya yi mini asiri. Wata safiya na ɗauki zuciyar rago na yanyanka ta sirara fiye da kilishi, ina ɗagawa ina dubawa a rana. Ya zo ya same ni ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ba za ka gani ba, Alhaji. Ni ma ba na gani. Sitam ɗin da nake buga wa nama ba ya kaiwa nan. Wuta ne kawai yake ganin shi. A dafa nama har ja ya ɓace, finish."

A ranar ne na yi tambayar da ta kama ni. Na ce uwa ɗaya, gida ɗaya, mage ɗaya, 'ya'ya shida, don me sai auta kaɗai? Ya ce ai haɗarin yana wurin macen da ta haɗu da ƙwayar karon farko tana da ciki, lokacin da take cikin saurinta, don mai saurin ce ke ƙetarawa wurin jariri. Wadda ta ɗauka tun tana yarinya, tata ta riga ta kwanta, sojojinta kuma sun san ta, da wuya ta ƙetara. Ya ƙara da cewa ita mage ma ba kullum take zubar da ƙwan ba, galibi 'yan makonni ne a rayuwarta, tun tana ƙarama. Na tsaya ina lissafi. Matar da ta tashi da mage a ƙafafunta, ta haifi biyar lafiya lau da mage a ɗaki. Mene ne sabo a ciki na shida? Abu ɗaya ne, kuma ni ne na riƙa kai shi da gudu. Dakta ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, na koma teburina.

Duk da haka na yi shiru wata huɗu. Ina gaya wa kaina ai likita ta ce babu mai iya rantsuwa. Ina kallon Mamanku ta ƙara azumin Litinin da Alhamis, ta daina zama in ana hira, in Hindatu ta yi tuntuɓe da bakin ƙofa ita ce ke cewa wash. Ɓeraye suka cika ɗakin hatsi ba ta nemo wata magen ba. Sai ga Rabi da cikin fari. Bayan kaka ta fara fari, tafin hannunta kamar an wanke, in ta miƙe sai ta dafa bango. Rabi 'yar gidan tela ce daga Azuba, ɗanyen nama bai taɓa zuwa kusa da bakinta ba. Wata yamma Mamanku ta kawo mini abinci ta zauna a gefe.

"Maigida, yarinyar nan jini ya ƙare masa. Gobe ka kawo masa hanta, irin wanda ka kawo mini. Ɗanye. Shi ne ya tashe ni, shi zai tashe shi."

Na ce, "To."

Ku ji da kyau, to na ce. Da safe na zaɓi rago mai lafiya, Dakta ya buga masa hatimi, na yanko hanta da zuciya, na barbaɗa gishiri da yaji, na ƙunshe a takarda kamar yadda na saba. Duk hanya ina ji da ɗuminsa a tafin hannuna, ina gaya wa kaina wataƙila wannan ragon ba shi da komai. A zaure na tsaya. Ina hango Rabi zaune a tabarma da kofin kunu a gabanta, an riga an shirya ta, Mamanku na tsaye da faranti. Na dubi ƙunshin. Ni da na yanyanka zuciya na duba a rana, na san idona ba shaida ba ne. In na miƙa, jikana ne zai biya bashin kunyata bayan shekara sha shida, lokacin wataƙila ina ƙasa. Na shiga na wuce Rabi, na ce Maman Nasiru ta biyo ni kicin.

A can na gaya mata duka: yatsu biyu na likita, da ɗan kasuwan da na ce ni ne, da ƙwanso, da lissafin da na yi a kwata. Ban iya gajarta magana ba, har gaiwa sai da na sako. Tana riƙe da farantin ba ta ajiye ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun a asibiti na ji hanya biyu ce. Wata huɗu ke nan da na gane wadda ta fi kama da gaskiya."

"Ranar da na durƙusa wa Auta fa?"

"Ina alwala."

"Na gan ka," in ji ta.

Ta karɓi ƙunshin, ta hura wuta, ta ɗora kasko da mai. Ta soya hantar nan har gefenta ya yi baƙi, ta kai wa Rabi, ta ce daga yau ba a cin nama da ja a gidan nan, gobe kuma Nasiru ya kai ta awo a ba ta maganin jini. Rabi ta tauna ta tauna, ta ce Mama wannan ai ya fi takalmi tauri, suka yi dariya. Sannan ta dawo kicin inda nake tsaye kamar wanda aka dasa.

"Kar ka gaya wa yara."

"Don me? Ai laifin ba naki ba ne."

"Ni sun riga sun yafe mini. Kai kuma sai sun fara daga farko. Bar shi inda yake."

Na ji sanyi a raina, kuma ina jin kunyar wannan sanyin har gobe. Ta juya za ta fita sai ta tsaya ta tambaye ni wace ruga na kai Hajiya. Na gaya mata gonar doya. Duk abin da na faɗa a baya ba ta yi hawaye ba, a nan ne ta zauna a kan turmin da ta zo da shi daga Doma ta yi kuka. Na koma hanyar Arikya Juma'a uku ina tambayar manoma ko sun ga farar mage mai baƙin kunne, suna kallona kamar taɓaɓɓe. Ban same ta ba.

Ba ta taɓa tada maganar ba bayan haka, ba ta rage mini komai na haƙƙi ba. Abu ɗaya ne ya canza, ku ba ku lura ba. Tun aurenmu kullum na dawo daga kasuwa nakan riƙo mata tsire guda biyu in ba ta hannu da hannu. Daga ranar nan in na miƙa sai ta ce, "Ajiye a can." Takan ci daga baya, amma shekara shida da ta ƙara a duniya ba ta sake karɓar abin ci daga tafin hannuna ba. Na taɓa kawo mata 'yar kyanwa a kwali, ta ce in mayar, yara za su ji tsoro.

Da ta rasu bara, Dakta Kwandem ya zo ta'aziyya, ya tsufa, ya bar aiki. Bayan addu'a ya matso ya ce yana da labarin da zai yi mini daɗi. Wai masu bincike sun gano cewa umarnin kwanciyar nan yana rubuce a cikin ƙwayar tun tana cikin saurinta, a ajiye yake ba a karantawa, sai yunwa ta matsa sannan a buɗe shi. Abu ɗaya ne kuma a cikin umarnin ke tada sauran duka, kamar makunni guda da ke riƙe da fitilun gida, in aka cire mata shi ba ta iya yin ƙwanso. Ya ce wataƙila wata rana daga nan za a samo maganin na kwancen. Allah ya yafe mini, a zaman makokin matata na jera masa tambayoyi har liman ya yi gyaran murya. Bayan an watse ina zaune a tsakar gida sai na ga Ummi, 'yar Rabi, wadda aka soya wa hanta tana ciki, mai idanu biyu garau, ta ɗauki dutse ta jefi magen maƙwabta a kan katanga.

"Tafi! Irinku ne kuka cinye idon Anti Hindatu, ku da Kaka!"

A ranar na aika aka sayo mini wannan littafin rubutu.

Ban ce muku na tabbata hantar ce ba. Likita ba ta rantse ba, Dakta bai rantse ba, mai yiwuwa ruwan rijiya ne ko ganyen da ba a wanke ba. Hantar ma da ƙauna na kai ta, ban san komai ba, wannan ina iya tsayawa da shi gaban Allah. Abin da ba ni da amsarsa shi ne yatsan da na lanƙwashe, da butar da na ƙarar ina kallo. Mamanku ta ce in bar shi inda yake, na bi maganarta muddin tana raye, don ta yi mini daɗi. Yau na saɓa mata, kuma na san da tana nan da ta harare ni.

Hindatu, ke za ki fara karantawa, da idonki na dama, kafin ki ba yayyenki. Mutum ɗaya ya durƙusa miki a tsakar gidan nan, kuma ba shi ne ya kamata ba. Gwiwoyina sun yi tauri yanzu, sai an kama ni nake tashi, amma za su iya. In kun gama karantawa, ku fara yafiyar daga farkon kamar yadda Mamanku ta ce. Ina gida, ba na zuwa kasuwa kuma.